Filin Kimiyya: Matsalar Farke Da Dabarar Maƙera

Akwai wata tambaya wadda ɗan makarantar firamare zai fahimce ta cikin minti guda, amma ta gagari manyan masana lissafi na duniya kusan shekara ɗari ke nan. Ga yadda take: farke ne ya ɗaure kayansa zai fita fatauci, yana da jerin garuruwan da yake so ya ci kasuwarsu, kowane gari sau ɗaya, sa'an nan ya komo gida. Ya san nisan da ke tsakanin kowane gari da ɗan'uwansa. To, da wane gari zai fara, wanne zai biyo baya, har zuwa na ƙarshe, domin tafiyar tasa ta zama mafi gajarta? Wannan ita ce masana ke kira matsalar farke, kuma a kanta filin zai tsaya a wannan mako.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan ƙwaƙwalwa ne kurum irin na masu dara. Ita ce matsalar direban da ke rarraba kaya kanti-kanti, da ma'aikacin gidan waya, da motar kwashe shara, da injin da ke huda dubban ƙananan ramuka a jikin allon rediyo ko talabijin a masana'anta. Duk kilomita guda da aka yi a banza, mai ne ya ƙone, taya ce ta cinye, lokaci ne ya tafi, kuma daga ƙarshe kuɗin yana komawa ne a kan wanda ya zo sayen kaya.

YAWAN HANYOYI

Abin da zai fara zuwa a ran kowa shi ne a lissafa dukkan hanyoyin da za a iya bi, a auna tsawon kowace, a ɗauki mafi gajarta. Idan garuruwan 5 ne, har da garin farken, hanyoyin 12 ne kacal, ana iya gama su a bayan ambulan. Idan sun kai 10, farke yana da zaɓi 9 a tashin farko, 8 a na biyu, 7 a na uku, haka har ƙarshe. In an ninka su duka aka raba biyu, tun da zuwa ta gabas a dawo ta yamma daidai yake da zuwa ta yamma a dawo ta gabas, za a sami hanyoyi 181,440. Garuruwa 15 kuwa hanyoyinsu sun haura biliyan 43.

A ƙaddara an sami kwamfuta mai auna hanya biliyan ɗaya a kowane sakan. Garuruwa 20 za su ci mata kusan shekara 2. Da an ƙara 5 a kai suka zama 25, sai ta bukaci kusan shekara miliyan 10. Wanda kuma ya so zagaya manyan biranen jihohin Nijeriya 36 da Abuja, adadin hanyoyin da ke gabansa lamba ce mai alƙalumma 42 a jere. Watau komai saurin na'ura, ƙirga hanyoyi ɗaya bayan ɗaya ba zai fisshe ta ba.

Matsalar tsohuwa ce. Wani littafin jagora da aka buga wa 'yan kasuwa matafiya a Jamus a 1832 ya yi maganarta, ko da yake bai kawo lissafi ba. A wajen 1930 masani Karl Menger ya gabatar da ita ga 'yan'uwansa masu lissafi a Biyana, babban birnin Ostiriya. Babban ci gaba na farko ya zo ne a 1954, sa'ad da George Dantzig da Ray Fulkerson da Selmer Johnson, ma'aikatan cibiyar bincike ta RAND a jihar Kalifoniya, suka gano hanya mafi gajarta da ta ratsa birane 49 na Amurka, watau birni guda daga kowace cikin jihohi 48 na wancan zamani, da kuma birnin Washington. Tsawon hanyar mil 12,345 ne. Da hannu suka yi lissafin, kuma abin da ya ba aikinsu daraja shi ne sun kawo hujjar cewa babu wata hanya da ta fi tasu gajarta, ba tare da sun ƙirga sauran duka ba.

A 1972 Richard Karp na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa akwai matsaloli 21 da suke 'yan gida ɗaya, cikinsu har da ƙanwar matsalar farke, ta yadda duk wanda ya sami hanyar warware ɗaya cikin hanzari ya warware sauran. Har yau ba a sami wannan hanya ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba. A shekara ta 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay a Amurka ta sa ladan dala miliyan 1 ga wanda ya raba gardamar, kuma ladan yana nan ba a karɓa ba.

KIRDADO MAI HANKALI

Sai dai mai motoci ba zai ajiye su a gareji yana jiran masana su gama gardama ba, gobe da asuba zai fitar da su. Don haka aka koma ga abin da za a iya kira dabarun kirdado, watau ƙa'idojin bincike waɗanda ba su yi alkawarin kawo amsa mafi kyau ba, amma suna kawo mai kyau ƙwarai cikin ɗan lokaci. Kirdadon nan ba irin na ɗan caca ba ne. Ya fi kama da na tsohon mafarauci, wanda ba ya bincika kowane rami a daji, yana duba sawu ne da inda ciyawa ta kwanta.

Mafi sauƙin dabarun ita ce farke ya riƙa zuwa garin da ya fi kusa da inda yake, cikin waɗanda bai taka ba tukuna. Da farko tafiya takan yi daɗi, zango gajere bayan zango gajere. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala: garuruwan da ya tsallake a baya suna nan suna jiransa, kuma a ƙarshe dole ya yi doguwar tafiya ya kwashe su ɗaya-ɗaya. Tun a zamaninsa Menger ya lura cewa wannan dabara ba kullum take kai wa ga hanya mafi gajarta ba, gwaje-gwajen da aka yi daga baya kuma sun nuna cewa takan wuce ta da kimanin kashi 25 cikin 100.

Dabara ta biyu ita ce gyara. A ɗauki kowace hanya da ke hannu, a duba inda ta gitta kanta a kan taswira, a kwance zango biyun da suka gitta, a sāke ɗaura su ta ɗaya fuskar. Lalle hanyar za ta ragu. A ci gaba da haka har a rasa abin gyarawa. A 1973 Shen Lin da Brian Kernighan na ɗakunan binciken kamfanin Bell suka faɗaɗa wannan dabara, suka bar kwamfuta ta riƙa kwance zango uku, huɗu, ko fiye, gwargwadon abin da ta ga zai yi amfani. Hanyoyin da dabararsu ke fitarwa sukan tsaya a kimanin kashi 2 cikin 100 sama da mafi gajarta.

Duk da haka akwai tarko a cikin gyara. A ɗauki misalin mutumin da ya ɓace cikin duwatsu ranar da hazo ya rufe gari, ba ya ganin komai sai inda zai sa ƙafarsa, yana neman kwarin da ya fi kowanne zurfi domin a can ruwa yake. Idan ya ƙudurta cewa ba zai taɓa yin taki ba sai mai gangarawa, zai sauka cikin kwarin farko da ya tarar, ya ga ko'ina hawa ne, ya zauna yana zaton ya iso, alhali kuwa babban kwarin yana bayan tudun da ke gabansa. Haka kwamfuta take maƙalewa a kan hanyar da duk wani ɗan canji zai tsawaita ta, ko da yake akwai wadda ta fi ta nesa ba kusa ba.

DARASI DAGA MAƘERA

Maganin wannan tarko ya fito ne daga sana'ar ƙira. Kowane maƙeri ya san cewa idan ya zuga ƙarfe ya yi jawur, ya tsoma shi cikin ruwa nan take, zai yi tauri amma da gautsi, yana iya tsagewa in ya sha duka. Idan kuwa ya binne shi cikin toka mai zafi ya bar shi ya huce sannu a hankali, sai ya fito lafiyayye, yana karɓar guduma. Masana kimiyya sun bayyana dalili: sa'ad da ƙarfe yake da zafi, ƙwayoyin zarra da ke cikinsa suna ta motsi suna sauya wuri. In an sanyaya shi farat ɗaya, kowace ƙwaya sai ta daskare a inda sanyi ya riske ta, a hargitse. In an bi a hankali, sai su sami sukunin laluben mazauninsu, su jeru cikin tsari mafi natsuwa.

A 1953 wasu masana biyar a ɗakin bincike na Los Alamos a Amurka, watau Nicholas Metropolis, da Arianna da Marshall Rosenbluth, da Augusta da Edward Teller, suka wallafa hanyar kwaikwayon motsin ƙwayoyin zarra a cikin kwamfuta, a kowane mataki na zafi. Shekara 30 bayan haka, a 1983, Scott Kirkpatrick da Daniel Gelatt da Mario Vecchi na kamfanin IBM suka ga cewa wannan lissafi zai yi aiki a inda babu ƙarfe babu wuta. Wani masani a birnin Bratislava, Vladimir Cerny, shi ma ya kai ga wannan tunani ba tare da ya san aikinsu ba, aka buga nasa a 1985.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta takan ɗauki hanyar farke ko wace iri, ta yi mata ɗan canji ba tare da zaɓe ba. Idan hanyar ta ragu, sai ta karɓi canjin. Idan ta ƙaru, ba ta yin watsi da shi kai tsaye, sai ta jefa ƙuri'a. Abu biyu ke yanke yadda ƙuri'ar za ta faɗi: yawan tsawon da canjin ya ƙara, da kuma wata lamba da aka laƙaba wa suna zafi. Da farko akan sa zafin ya yi yawa, kwamfuta tana karɓar canji ko da mummuna ne, tana tsallake tudu tana faɗawa kwari. Sannu a hankali ana rage zafin, tana ƙara tsantseni, ba ta yarda da koma baya sai ɗan kaɗan, har a ƙarshe ba ta karɓar komai sai gyara. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Hawan ɗan tudu a farkon tafiya shi ke fitar da ita daga ƙaramin kwari. Mai auna hatsi a kasuwa yana yin irin wannan sa'ad da yake cika buhu: yakan jijjiga shi da ƙarfi da farko, sa'an nan a hankali, har tsaba ta zauna ta ba da wuri.

Gwanintar tana wajen saurin rage zafi. In an yi gaggawa, amsar takan fito da gautsi kamar ƙarfen da aka tsoma a ruwa. In an yi jinkiri da yawa, an ɓata lokacin da ake son tsimi. A 1984 wasu 'yan'uwa biyu masana lissafi, Stuart da Donald Geman, sun tabbatar da cewa idan aka rage zafin a hankali yadda ya kamata za a kai ga amsa mafi kyau, sai dai jinkirin da hujjar tasu ta bukata ya fi ƙarfin haƙurin kowace masana'anta. Saboda haka injiniyoyi sukan tsaya a tsakiya.

Abin da ya dami mutanen IBM a lokacin shi ne yadda za a jera dubban ƙananan sassa a kan 'yar ƙwanyar lantarki da ke cikin kwamfuta, ta yadda wayoyin da ke haɗa su za su gajarta, kada kuma su cushe a wuri ɗaya. A fagen matsalar farke ita kanta, zuriyar dabarar Lin da Kernighan ta fi dabarar maƙera ƙarfi. Darajar ta maƙera ita ce ba ta da zaɓen aiki: muddin ana iya auna kyawun amsa da lamba, ana kuma iya yi mata ɗan canji, to za ta shiga, ko jadawalin jarrabawa ne, ko rabon aiki tsakanin injuna.

IRI DA TURURUWA

Wasu masanan kuma wajen manomi da makiyayi suka ɗauko darasi. Manomi yakan ware zangarniya mafi kyau ya ajiye don iri, makiyayi yakan zaɓi bijimin da zai bar wa garke. A shekarun 1960 Ingo Rechenberg da Hans-Paul Schwefel, suna ɗalibai a Jami'ar Fasaha ta Balin, suka riƙa yi wa siffar wani falle mai gaɓoɓi ƙananan canje-canje bisa ƙuri'a, suna gwada shi cikin bututun iska, suna riƙe siffar da iska ta fi wucewa a kanta cikin sauƙi. A 1975 John Holland na Jami'ar Michigan ya fitar da littafin da ya kafa harsashin wannan fanni: a tara amsoshi da yawa kamar garke, a zaɓi nagari, a haɗa rabin wannan da rabin wancan su haifi sababbi, a riƙa sa ɗan canji jefi-jefi, a maimaita zuriya bayan zuriya.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta bi wannan hanya wajen ƙera eriyar wasu ƙananan taurarin ɗan'adam guda 3 da ta harba a watan Maris na 2006. Injiniyoyi Jason Lohn da Gregory Hornby da Derek Linden sun gaya wa kwamfuta irin aikin da ake so eriyar ta yi, suka bar ta ta yi ta haifar siffofi tana zubarwa. Abin da ya fito wata 'yar waya ce a lanƙwashe ta ko'ina, kamar wadda yaro ya yi wasa da ita ya yar, siffar da ba injiniyan da zai zana da hannunsa, amma ta cika sharuɗɗan da aka gindaya, ta kuma yi aikinta a sama.

Tururuwa ma an je makarantarta. Masu bincike a Brussels ta ƙasar Beljiyam sun nuna a 1989 cewa idan aka ba tururuwa gada biyu zuwa ga abinci, doguwa da gajera, ba da daɗewa ba akasarinsu za su koma bin gajerar. Kowace tana barin wani sinadari a inda ta bi; masu bin gajerar hanya sun fi saurin zuwa da dawowa, don haka sinadarin ya fi taruwa a can, na baya kuma suna bin inda ya fi ƙarfi. Ba wadda ta san taswira a cikinsu, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1992 Marco Dorigo ya mayar da wannan ɗabi'a lissafi a kundin digirinsa na dakta a Milan ta ƙasar Italiya, kuma matsalar farke ce ya fara gwada ta a kai.

INDA AKA KAI

A 2004 an gano hanya mafi gajarta da ta ratsa garuruwa da ƙauyuka 24,978 na ƙasar Suwidin, tsawonta kimanin kilomita 72,500. A 2006 David Applegate da Robert Bixby da Vasek Chvatal da William Cook suka warware mai wurare 85,900, wadda ta samo asali daga aikin ƙera ƙwanyar lantarki, inda hasken leza zai bi wurare ɗaya bayan ɗaya yana yanke mahaɗa. Da kwamfuta guda aka ba aikin, da ya ci mata kimanin shekara 136. Akwai kuma taswirar duniya mai garuruwa 1,904,711, wadda Keld Helsgaun na Jami'ar Roskilde a Denmak ya samo mata hanya da ingantacciyar dabarar Lin da Kernighan. An tabbatar da cewa ratar da ke tsakanin hanyarsa da mafi gajarta ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 ba.

Mai karatu zai iya tambaya: yaya aka san ratar, alhali ba a san mafi gajartar ba? Amsar tana cikin gadon da Dantzig da abokansa suka bari. Akwai lissafin da ke nuna wani tsawo wanda ba hanyar da za ta iya yin ƙasa da shi. Kirdado yana saukowa daga sama, wannan lissafi yana hauhawa daga ƙasa, amsar gaskiya tana tsakaninsu. Ranar da suka haɗu, an gama.

Ta fuskar kuɗi kuwa, kamfanin rarraba kaya na UPS a Amurka, wanda direbansa kan tsaya a wurare kimanin 120 a yini, ya kafa wani tsari mai suna ORION domin shirya wa direbobi hanya. Kamfanin ya ce rage mil 1 kacal a yini ga kowane direba yana iya tsimin dala miliyan 50 a shekara, ya kuma ƙiyasta cewa tsarin, wanda ya gama shimfiɗawa a 2016, yana rage tafiyar mil miliyan 100 da man galan miliyan 10 kowace shekara.

ABIN LURA

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, a 1997 David Wolpert da William Macready sun tabbatar da cewa idan aka haɗa dukkan matsalolin da za su iya kasancewa, ba wata dabarar bincike da ta fi sauran a kan kowace. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta, don haka duk wanda ya zo yana tallar dabara guda mai maganin komai, a yi hattara da shi. Na biyu, kwamfuta abin da aka ce ta rage shi take ragewa. In an ce ta rage kilomita, za ta tura mota ta hanyar da gadarta ta karye tun daminar bara, muddin taswirar da aka ba ta ba ta faɗi haka ba. Sanin direban da ya shekara 20 a kan hanya, da sahihan alƙalumman nisa da lokaci da halin titi, su ne abincin lissafin. In sun gurɓace, amsar ma ta gurɓace.

Herbert Simon, wanda ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya daɗe yana koyar da cewa ɗan'adam, saboda ƙarancin lokaci da ƙarancin sani, ba ya jiran zaɓi mafi kyau duka, yana ɗaukar wanda ya wadatar ne ya wuce gaba. Dabarun kirdado sun bi wannan hali, sun kuma ƙara masa abin da ɗan'adam ba shi da shi, watau ma'aunin da ke nuna nawa aka yi asara saboda rashin jira.

Ɗaliban da ke sha'awar fannin za su same shi a sassan lissafi, da ƙididdiga, da injiniya, da kimiyyar kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin fasaha. Kafin nan, malamin makaranta yana iya gwada shi a aji da taswirar Nijeriya, da ƙusa 10, da zare: a kafa ƙusoshin a kan birane 10, kowane ɗalibi ya zagaya su da zare ya komo inda ya fara, a auna zaren kowa. Wanda ya bi gari mafi kusa zai ga inda kwaɗayi ya kai shi, wanda zarensa ya gitta kansa zai ga yadda ake kwancewa, kuma ajin duka zai san cewa cikin hanyoyi 181,440 ya zaɓo tasa.